Gwaggo Ige Ba Ta Auna Yaro

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu a Talata Mafara ya san Gwaggo Ige ba ta taɓa ɗora tef a jikin yaro ba. In aka kawo mata yarinya ɗinkin kayan makaranta, uwar take aunawa. In namiji ne sai ta ce a aiko da wandon ubansa. Abin da ya yi saura ta kalmashe shi sau shida, kowace kalmasa aji guda. A cewarta ba daƙiƙanci ke fitar da ɗan talaka daga makaranta ba, riga ce ke matse shi a rasa ta canji.

Wani manomi daga Faru ya kawo ɗansa ran kasuwa, ga shi wando ɗaya gare shi, wanda ke jikinsa. Gwaggo ta aika masa da zaninta zaure. Haka bawan Allah ya zauna ɗaure da atamfa mai hoton tsuntsaye yana amsa gaisuwar masu wucewa. Da ya yi ƙorafi, daga ciki ta ɗaga murya: "Yi haƙuri Malam, kunyar yini guda ta, ɗanka shekara shida za shi yi da sutura."

Hedimasta ma ya taɓa zuwa da kansa, wai yaran da ta yi wa ɗinki in sun yi layi kamar an jera buhunan gero. Ko ƙafarta ba ta ɗauke daga kan keken ɗinki ba. Ta tambaye shi yara nawa ya taɓa kora don riga ta yi musu yawa. Ya ce babu. Don ta yage ko ta ɗage fa? Sai ya sauya zance. Bai bar gidan ba sai da ta sa shi ya zura mata zare a allura.

Ga tsimi! Zaren da ta warware sai ta naɗe shi a tsinke ta sake ɗinki da shi. Kuma ba ta sakin kalmasa sai an kawo mata sakamakon ƙarshen shekara. Ba ta iya boko ba, sau da yawa a kife take riƙe takardar, jan biro kawai take nema. Ta taɓa yi wa wata Saratu faɗa tas saboda jan rubutu, ashe malami ne ya yaba mata don ta zo ta ɗaya. Da aka bayyana mata, cewa ta yi: "To a gaya mai shi sake biro."

Ni shekarata bakwai muka baro Gidan Goga da Baba, lokacin da zaman can ya gagara. Innata ta riga ta rasu. Gwaggo 'yar'uwar Baba ce ta nesa, shi ya kai ni wurinta ɗinkin kayan makaranta. Ta ɗauko tef bisa al'ada tana duba bayana, tana neman wadda za ta auna. Na ga sanda ta tuna. Sai ta miƙe tsaye, ta ba maƙwabciyarta tef ɗin ta ce: "Auna ni." Kun dai san tsawon Gwaggo, sai ta sunkuya take shiga ɗakinta.

Ina aji huɗu abubuwa suka yi wa Baba tsanani, ya ce in bar karatu in kama tallan awara. Na yi kuka har na gode Allah. Kwana uku ban je makaranta ba, a na huɗu sai ga Gwaggo, ta sa na ɗauko rigar. Ta shimfiɗa ta gaban Baba, ta nuna masa bakin.

"Saura kalmasa uku. Wa za shi cika min su, kai?"

Baba ya ce ai ciki ba ya jiran kalmasa. Ta ce to cikina ya koma gidanta, kullum in biya in ci kafin in wuce. Hakan aka yi.

Na gama aji shida, aka saki ta ƙarshe, riga na jan ƙasa har lokacin. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Ba ki cika ta ba. Sai ki wuce gaba." Da wannan hujjar ta tura ni sakandare, da ita kuma ta tura ni kwalejin horon malamai.

Yanzu ina koyarwa a Bakura. Ranar sadakar bakwai ɗin Gwaggo na ciro rigar daga ƙasan akwati na sa. Har yau da sauran taƙi guda. Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini, don ina kewarta ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ige. Yadda ta yi ta bar mana fili mu girma, Allah Ya yalwata mata makwanci, Ya suturta ta da rahamarSa. Amin.