Kwaɗon Goggo da Ɓarakar Sabar

Goggona, ƙanwar babanmu, ita ce mai ɗaukar hoton amare a Faskari, kuma duk sana'arta a kan magana ɗaya ta tsaya. Idan amarya ta shigo shago aka saki labule, sai Goggo ta ce, "Cire mayafinki, ɗiyata. Idon namiji ba zai ga hoton nan ba, sai wanda kika nuna wa da hannunki." Saboda wannan maganar mata ke zuwa mata daga Yankara da Mairuwa, har daga Sabuwa, su wuce masu hoto maza da suka fi ta kayan aiki. A gabanta suke sakin jiki, su nuna kitso da lalle, su yi dariya son ransu.

Ni na haɗa mata kayan shagon, don aikina ke nan: ina kula da kwamfutoci a wani ofishi a Kankara. Na sa mata babbar kwamfutar ajiya, wadda mu 'yan sana'ar muke kira sabar, inda hotuna duka ke zama. Sauran kwamfutoci uku, ta gyaran hoto da ta firinta da ta nuna wa amare, duk daga cikinta suke ɗiba, ta hanyar wata manhajar raba fayil. Goggo ta sa kafinta ya yi wa sabar kabad mai ramukan shan iska, ta saya masa kwaɗo kamar na ƙofar rumbu, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Har mayafi mai ado ta shimfiɗa a saman kabad ɗin. A wurinta an gama maganar tsaro.

Wata Talata da safe ina ofis na ga sanarwa daga masu yin manhajar: an gano ɓaraka a cikinta. Duk wanda ke kan layin sadarwa ɗaya da sabar zai iya shiga ya ɗebi fayil ba tare da kalmar sirri ba. Sun fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, suka ce kowa ya sa da gaggawa. Na gyara na ofishinmu ina 'yar waƙata. Sai da na zauna cin abinci na tuna da shagon Goggo, wallahi nan take na ture kwanon gefe. Goggo na ba ƙawayen amare wayfay, wato layin sadarwar shagon da sabar ke kai, don su karɓi hoto a wayoyinsu, kalmar shigarsa ma a bango take a rubuce da alli, kuma wayfay ɗin yana kaiwa har bencin mai shayi da ke tsallaken titi.

Na kira ta. Na yi bayani iyakar iyawata.

"Mi kika ce ya ɓarke?" ta tambaya.

"Manhajar, Goggo."

"To bari in duba." Na ji ƙarar takalminta, na ji ta girgiza kwaɗo. "Lafiyarsa ƙalau. Ke dai kin cika ɗaga hankali, tun kina ƙarama haka kike."

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Na kashe waya kafin in faɗi abin da zai sa a kai ƙarata wurin Baba. Na sauke facin a filash, 'yar ma'ajiyar fayil ta aljihu, tun a Kankara, don sabis ɗin Faskari a makon nan sai addu'a, washegari na hau motar farko.

Na same ta tana goge kyamara, ta tare ni da tsiya: "Ga likitar kwaɗo ta iso." Na ajiye jakata. Na ce ta kulle kabad ɗinta da kyau, ta riƙe makullinta. Na ɗauki laftof ɗina na tsallaka titi, na zauna a ƙarshen bencin mai shayi, maza suna ta kallona kamar na ɓata hanya. Ko minti biyar ban yi ba na rufe laftof na dawo. Na buɗe a gabanta.

Hotonta ne. Wanda na ɗauke ta ranar sunan jikanta, kanta ba ɗankwali, furfura ta fito a gefen kitso, tana dariya baki buɗe.

Ta kalli hoton, ta kalli makullin da ke hannunta, ta leƙa ta labule ta kalli bencin. Maza bakwai ne a kai, kowa da wayarsa. Goggo ta zauna a kujerar amare, wadda ba ta taɓa zama a kai ba.

"Daga can kika ɗauko?"

"Daga can."

"Innalillahi. Ashe ƙarya nake yi wa ɗiyan mutane."

Nan take fushina ya tafi, tausayinta ya kama ni, har na ji kunyar yadda na yi mata. Na ce ba ƙarya ta yi ba, masu manhajar ma jiya suka faɗa. Ba ta saurare ni ba. Ta tashi ta goge rubutun bango da gefen zaninta, ta zare wayar wayfay, ta ce ba za ta ƙara ɗaukar hoton kowa ba sai ranar da za ta iya faɗin maganarta da gaskiya. Ga shi jibi Juma'a wata amarya za ta zo daga Sabuwa, wadda Goggo ta ɗauki hoton auren yayyenta biyu. Ta ce in ba a gyara ba, gara ta mayar da ita.

Ba a sa faci sai an kwafe komai an ajiye gefe, don in gyara ya zo da gardama kada a yi asara. Kwafin nan ya cinye mana yinin Laraba. Goggo ta jawo tabarma ta zauna gaban allon tana kallon koren layin da ke tafiya kamar ba ya so. In ya tsaya ta ce, "Ya gaji, ki ba shi ruwa." In ya motsa ta ce, "Yauwa, ɗan albarka." Tsakanin haka tana ɗura min abinci: dambu, fura, gyaɗa, har na ce Goggo sabar na zo gyarawa, ba kiwo aka kawo ni ba. Ta ce ai ramar da na yi a Kankara ita ma ɓaraka ce. Muka yi dariya, karon farko tun safe.

Ranar Alhamis da hantsi na sa facin. Shi kansa bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Sabar ta mutu ta taso, kwamfutar gyaran hoto ta gan ta, ta nuna wa amare ma ta gan ta. Ta firinta kuwa ta ce sam ba ta san zancen ba. Tsohuwa ce, da tsohuwar hanyar magana ta saba, ita kuwa hanyar ina sane na rufe ta, don ta nan ɓarawo ke samun sauƙi. Na gwada nan, na gwada can, zufa ta jiƙa min hijabi. Na fara yi wa kwamfutar faɗa da babbar murya, na kira ta gwauruwar banza, na ce da ina da iko da na kai ta kasuwar Yankara na musanya da akuya.

"A'a," in ji Goggo, "kada ki zagi sa'ata. Ni da ita tare muka tsufa. Ki koya mata a hankali."

Haka na yi kuwa. Na sabunta ta, na nuna mata sabuwar hanya, kafin azahar firinta ta yi tari ta fitar da hoto. Daga nan na raba wayfay gida biyu: na baƙi daban, wanda ba ya ko hango sabar, na shago daban, kalmarsa a cikin kan Goggo kaɗai. Sannan na buɗe rajistar da sabar ke rubuta duk wanda ya shigo. Na bi ta layi-layi, Goggo na tsaye a kaina. Iyakar inda rajistar ta kai, baƙo ɗaya ne ya taɓa shiga: ni, ranar Laraba, daga benci. Na gaya mata haka, na kuma gaya mata rajistar ba ta kai farkon buɗe shago ba, abin da ya wuce nan Allah kaɗai ya sani. Ta ce alhamdulillahi, ta share ido.

Amma ba ta yarda an gama ba. "Koma bencin," ta ce. "Ki yi sata in gani."

Na koma. Na gwada sau uku, sabar ta kore ni sau uku. Na ɗaga hannu na girgiza mata kai. Sai kawai na ji guɗa ta tashi daga cikin shago, irin wadda ake yi in an kawo lefe. Mai shayi ya saki ludayi ya ce, "Hajiya, wa aka haifa?" Ni dariya ta hana ni tashi daga bencin. Rabon da in ji daɗin aikina haka har na manta.

Ranar Juma'a na ƙi komawa Kankara sai na ga amaryar Sabuwa. Ta iso da ƙawayenta, lalle har gwiwar hannu, tana ta sunkuyar da kai. Aka saki labule. Goggo ta ɗaga kyamara, ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ta kwance bakin zaninta. Ashe kwaɗon makulli biyu gare shi, ban taɓa sani ba. Ta zare ɗaya ta danƙa min a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Duk ranar da masu manhajar suka sake cewa ta ɓarke, ko ina sallah ki jira in sallame ki gaya min," ta ce a hankali. "Maganar nan yanzu ni da ke muke faɗinta."

Sannan ta juya ga amarya, muryarta ta dawo yadda na san ta tun ina yarinya.

"Cire mayafinki, ɗiyata."