Hoton da Nasidi Ya Ɗauka a Hanyar Shinkafi

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Malam Nasidi mai hoto a Kaura Namoda, shagonsa jikin nawa, ni ina ɗinki shi yana hoto. Bangon katako ne ya raba mu, har tarinsa ina ji. Mutum ne siriri mai ɗan gemu, ba ya son hayaniya, idonsa na hagu kuma ya ɗan ƙanƙance saboda yawan runtse shi a bayan kyamara. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a wajen wani Bayarabe da ke da shago kusa da tashar jirgin ƙasa, zamanin da ake sa fim a wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da wuya ka shiga tsohon gida a unguwarmu ba ka ga hoton biki ko na saukar karatu da ya fito daga hannunsa ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari sai aiki ya ja baya, ya rage masa hoton fasfo kawai. Ya daɗe yana raina wayar. Yakan ce ita ce ke zaɓa wa mutum komai, shi nasa dannawa. Daga baya ya sayi wata ta hannu, yana ta taɓe-taɓenta, har ranar da na ji ya buga bangon yana kirana.

"Muhtari, taho ka gani. Ashe sun ɓoye shi ciki."

Ya nuna mini wani wuri a cikin kyamarar wayar, inda harafin S yake, da jerin lambobi a ƙasansa da ake ja da yatsa. Ya ce idon kyamara ƙiftawa yake yi kamar na mutum, wannan wurin kuma shi ne ke saita saurin ƙiftawar. Idan idon ya daɗe a buɗe, duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Idan ya ƙifta da sauri, sai ya kama abin a tsaye. Ya sa na taka keken ɗinkina. Da ya ja lambar zuwa ɗaya bisa talatin, allurar ta ɓace ɓat a hoton, sai wani farin hayaƙi a wurinta. Da ya kai ta ɗaya bisa dubu biyu, ga allura tsaye cak da zare a hancinta, sai dai hoton ya yi duhu. Muka jawo keken bakin ƙofa inda rana take, ya sake ɗauka, ya fito tas. Rabon da in ga yana dariya haka tun ana yayin fim.

A daminar da ta biyo baya ne wata dattijuwa mai suna Iyatu ta zo shagonsa. Bafulatana ce daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi, 'yan bindiga sun kore mata shanu goma sha ɗaya, ta dawo Kaura wajen 'yarta. Ta ce ranar Alhamis ta ga farar saniyarta mai karyayyen ƙaho cikin wata babbar mota da ta fito daga wajen Shinkafi. Wata mata da ke kusa da ita ta ɗauki hoton motar da waya, amma ba abin da ya fito sai fari da ja a cakuɗe. Duk wanda ta nuna wa sai ya girgiza kai.

"Malam, an ce mini kai ka san hoto. Ko kana iya gyara wanga?"

"Inna, wanda ya riga ya lalace ba ya gyaruwa," in ji shi. "Amma ana iya ɗaukar wani."

Alhamis ta gaba, ranar kasuwar Shinkafi, ya rufe shago da hantsi, ya je ya zauna a bencin wani mai faci, Nagoggo, a bakin gari inda hanyar Shinkafi ta shigo. Motocin da aka loda a kasuwa da takardunsu sukan rage gudu a wurin. Waɗanda aka loda a daji kuwa ba sa taka birki. Su yake jira. Yakan saita wayar tun kafin motar ta iso, ya ɗora gwiwar hannu a cinya kamar mai duba saƙo, ya danna sau biyar ko shida a jere. Idan hadari ya rufe rana sai ya rage saurin zuwa ɗaya bisa dubu, ya ƙara hasken kaɗan, yana ƙorafin cewa hoton zai yi tsakuwa-tsakuwa. Da la'asar ya dawo shago ya buɗa hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙaho da tsagar kunne da tambarin cinya ta tsakanin katakon mota.

Ba a ga saniyar Iyatu ba. Amma a mako na uku wani manomi daga Banga ya gane bijimansa biyu na huɗa a cikin hotunan, da lambar motar a fili. Aka buga waya gaba, aka tare motar kafin ta bar jihar, aka dawo masa da su. Kafin wata ya ƙare, mutane sun fara yin layi a ƙofar shagon, kowa da kwatancen dabbarsa. Ba ya karɓar komai a hannunsu. Na ce masa maganar ta fara yin yawa a gari, kuma ba mu san kunnen da take shiga ba. Ya ce shi shanu yake ɗauka, ba mutane ba.

Sai motocin suka fara zuwa a lulluɓe da tamfol. Wata Alhamis wani direba ya rage gudu daidai bencin, abin da ba su saba ba, yaron motarsa ya leƙo ya ƙare wa Nasidi kallo, sannan suka wuce. Nagoggo ya ce masa ya ɗan huta na mako biyu. Bai huta ba.

Ranar da abin ya faru, rana ta buɗe sosai bayan ruwan safe. Ya dawo da la'asar kamar kullum, na ji ya ja kujera ya zauna. Can sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa, na tarar da shi riƙe da wayar, hularsa a ƙasa bai ɗauka ba. Ya miƙo mini ita.

Hoton motar shanu ne, amma a gefensa, ta bayan motar, wani babur ya gifta zai fita gari. Da ido ba wanda zai ce ya gan shi, don a guje yake. A hoton kuwa yana tsaye kamar an kafe shi, har ɗigon ruwan da tayarsa ta watsa ana ƙirgawa. An ɗaure jarkoki biyu a gefensa an rufe da buhu. Iska ta ɗage rawanin mai tuƙin, fuskarsa ta fito sarai. Shamsu ne, ƙanin Hamida matar Nasidi, ɗan acaɓan da ya ce wa kowa ya tafi Gusau neman aiki. Na bayansa wani dogon mutum ne cikin babbar jallabiya, bakin bindiga ya leƙo ta ƙasan rigar, idonsa kuma a kan kyamarar yake, kai tsaye.

A lokacin an hana sayar da fetur a jarka, kowa kuma ya san inda mai irin wannan yake zuwa. Mun kuma san abin da ke samun wanda aka kama yana kai wa mutanen daji kaya. Ba ya kaiwa gaban alƙali.

"Mi za ka yi?" na tambaye shi.

"Ban sani ba, Muhtari. A hannuna aka yi kaciyar yaron nan."

Kwana biyu bai gaya wa Hamida ba. A na uku ya aika aka nemo Shamsu, ya zo da azahar ta ƙofar baya, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ina daga shagona, na tsayar da keke ina jin su ta bango.

"Yaya, wallahi ba da son raina ba ne," in ji Shamsu. "Gonarmu ta Kurya Madaro suka tarar da ni. Sun ce ko in riƙa kai musu mai da burodi, ko su ɗauke Baba. Sun san ɗakin da yake kwana."

"Tun yaushe?"

"Tun shuka."

"Ka bari mu kai magana inda ya dace."

"Wa za ka kai mawa? Kafin ka dawo gida sun ji." Ya rage murya har sai da na matsa jikin katakon. "Yaya, ni ba don kaina na zo ba. Wanda na goyo ya ga sadda ka ɗaga waya. Ya tambaye ni ko na san ka, na ce ban sani ba. Ya ce ba komi, zai tambayi mai faci."

Nasidi ya goge hoton a gabansa. Shamsu ya ce gogewar ba ta da amfani, tunda ba wanda zai yarda an goge. Ya fita ta inda ya shigo.

Ranar Litinin Nagoggo ya tafi gonarsa da safe bai dawo ba. An sami kekensa da fartanyarsa a bakin kunya. Bayan kwana huɗu ya shigo gari da ƙafa, ba takalmi, bai gaya wa kowa inda ya je ba, bai kuma sake buɗe wurin facinsa ba. Da Nasidi ya je gaishe shi, matarsa ta ce yana barci. Da ya koma washegari, ta sake cewa yana barci.

Ranar Asabar da hantsi wani mutum ya yi sallama a shagon hoto. Matashi ne mai tsabta, da farar shadda da agogo, yana ƙanshin turare. Ya ce hoton fasfo yake so. Ina zaune a bakin ƙofata ina datse zare, ina ganinsu. Nasidi ya zaunar da shi gaban farin ƙyalle, ya gyara masa hula, ya ɗauka. Yana cikin fitar da hoton a inji, mutumin ya ce, cikin fara'a:

"Baba, an ce kai ne mai tsayar da abin da ke gudu."

"Hoto dai nake yi."

"An ce ko babur ya wuce ka a guje, sai ka fiddo fuskar mai shi. Ikon Allah. Yaya ake yi?"

Nasidi ya ajiye almakashin da ke hannunsa. Ya ce sai da rana mai ƙarfi, kuma yanzu idonsa ya yi rauni, ya daina. Mutumin ya gyaɗa kai kamar mai tausayawa, ya karɓi hotunansa guda huɗu ya duba, ya yaba. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, ya zaro tasa wayar.

"Bari ni ma in ɗauke ka, Baba. Ni ban iya irin naka ba, sai ka tsaya mini."

Nasidi ya tsaya. Mutumin ya ɗauke shi, ya ja da baya ya ɗauki ƙofar shagon da allonta, ya ɗaga mini hannu ya ce sannu da aiki, ya hau babur ɗin da ke jiransa a tsallaken titi.

A ranar Nasidi ya gaya wa Hamida komai. Ta zo shagon da kanta da yamma, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya daga ƙofa cikin hijabi tana cewa, "Malam, ka bar injin nan, ka ɗauki abin da hannu zai ɗauka." Shi kuwa yana tsaye yana cire tsofaffin hotunan da ya manna a bango, na amare da na 'yan makaranta, yana jera su a kwali a hankali. Ya ce ba zai bar fuskokin mutane a shagon da ba ya ciki ba.

Washegari da safe na raka su tasha. Motar Gusau ta cika da wuri, don kowa yana so ya bi hanya rana na sama. Ya ba ni makullin shagon ya ce in mayar wa mai gidan. Na tambaye shi ko da gaske ya goge hoton, ya ce ya goge, amma duk sanda ya rufe ido yana ganinsa, har ɗigon ruwan.

Yanzu yana Gusau, a rumfar wani abokinsa kusa da wata makaranta, yana yi wa ɗalibai hoton fasfo. Mukan yi waya jefi-jefi. Hamida ta matsa aka ɗauko mahaifinta daga Kurya Madaro, gonar tana nan ba wanda ya nome ta bana. Shamsu kuwa tun ranar da ya fita ta ƙofar baya ba wanda ya sake ganinsa. Wasu sun ce yana Nijar, wasu sun ce yana daji. Lambarsa takan shiga wani lokaci, ba a ɗauka.

Shagon hoton wata mai sayar da robobi, Tasalla, ta kama shi. Makon jiya ta leƙo ta ce wani ya zo yana tambayar mai hoto, ta turo shi wajena. Dattijo ne wannan, da carbi a hannu, ban taɓa ganinsa ba. Ya ce shi tsohon abokin Malam Nasidi ne, yana da saƙonsa. Na ce na ji an ce Kano ya koma, ban da lambarsa. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ai ba gaggawa. Sannan ya zaro yadi biyar na ruwan toka daga leda, ya ce in auna shi in ɗinka masa kaftani, zai dawo ranar Juma'ar makon nan da muke ciki bayan an sauko daga masallaci. Na auna shi. Yau Laraba, ban ko yanka yadin ba.