Kaskar Wendell a Teburin Dakta Loretta

Shekara ashirin da biyu Dakta Loretta Pruitt tana duba marasa lafiya a wani ƙauyen jihar Connecticut, inda kowa ke cusa ƙafar wando cikin safa kafin ya shiga ciyawa. Mutanenta ba sa yar da kaskar da ta cije su. Manne ta suke yi a takarda, su rubuta kwanan wata, su kawo mata.

Duk tsawon shekarun nan, in ta rubuta wa mai ciwon da cizon kaska ke jawowa maganin kashe ƙwayoyin cuta har ya wuce wata guda, sai zama ya gagare ta. Ta leƙa akwatin wasiƙu, ta dawo, ta sake leƙawa, ko hukumar likitoci ta aiko a ƙwace mata lasisi. Ana nan sai jihar ta yi dokar da ta hana a hukunta likita kan wannan kaɗai.

Washegari sai ga Wendell, tsohon kafinta, yana ɗingishi, gwiwoyi a kumbure, riƙe da takardar kaskarsa ta bara.

"To Dakta, tsoro ya ƙare. Zuba min na wata shida!"

"Kai da ko na sati uku ba ka shanye ba?"

Ta ɗauki biro, ta ajiye, ta miƙe ta zagaya tebur. Ashe ba tsoron wasiƙar kaɗai ke hana ta sukuni ba, har da ɓarnar da daɗewa kan maganin ke yi wa jiki.

"Ni doka ta kare, Wendell," in ji ta. "Hantarka fa, wa ya yi mata doka?"