Ranar da Na Shiga Gidan Suna da Zabirar Babanmu

Shekarun baya, tun wayoyi ba su gama cinye sana'armu ba, ni mai ɗaukar hoto ne a Filinge. Ba ni da shago, kafaɗata ce shagona. Ranar kasuwar Baleyara ina can, ranar ta Bonkuku ina can, in kuma an yi suna ko ɗaurin aure a ƙauyukan Kurfai sai a aiko mini in hau babur in tafi. Kayan aikin ba su da yawa: kyamara, fitilar da ake ɗora mata a ka, batura, tsumman goge idonta, da farin ƙyallen da nake ratayawa a bayan mai son hoton katin shaida. Wurin zuba su ne ya hana ni sakat.

Da farko a jakar 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, nake goya su. Kafin in sauke ta, in buɗe, in tono kyamara daga ƙarƙashin ƙyalle, an riga an shafa fatiha an watse. Na koma wata babbar jaka ta matafiya. Abokina, wani tela da nake zama a rumfarsa, duk ranar da ya hango ni da ita sai ya tsayar da keke ya ce, "Kwatano za a koma ci-rani? In ka isa ka gaida mutanen teku."

Abin da nake so ba mai wuya ba ne. Jaka ƙarama da za ta kwanta a ƙarƙashin hammata, in buɗe ta da hannu ɗaya, cikinta a rarrabe don kada fitila ta goge idon kyamara. Na zagaya 'yan gwanjon Baleyara har ƙafata ta gaji. Wani Bazabarme ya ɗauko mini wata baƙa mai zip, ya rantse cewa ta wani Bature ce mai ɗaukar hoton raƙuman daji. Na saya ina murna. Rairayin hanyar Damana ya shiga haƙoran zip ɗin, kafin kaka ta wuce ya mutu, na koma ɗaure ta da tsumma kamar bakin buhun gero.

A nan sai in gaya muku gidan da na fito. Mu wanzamai ne tun kakanni. Babanmu wanzami ne, da ya rasu yayana ya gaji askarsa da gidajen da yake yi wa aiki. Ni kuwa tun ina yaro aka san ba zan yi ba. Ranar da aka fara ba ni ƙaho in riƙe, ina ganin jini ya taru sai na zube, aka bar mara lafiya aka koma yi mini fifita. Daga ranar Baba ya sallame ni. Ban taɓa aske ko gemun bunsuru ba.

Wata rana ina zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyata ina fama da jakar nan da allura, sai ta leƙo.

"Auta, mi kaka yi da wagga tsumma tun safe?"

Na gaya mata. Ta koma ɗaki, ta fito da tsohuwar zabirar Baba, wato jakar fatar da wanzami ke rataya kayan aikinsa. Tun rasuwarsa take rataye a bangonta, domin yayana ya riga ya ɗinka tasa tun Baba na da rai.

"Ɗauki," in ji ta. "Gara ta ga rana bisa kahwaɗarka da gara ta cinye ta ga bango."

Wallahi kamar don kyamarata baduku ya ɗinka ta. Babban aljihun da ƙahoni ke zama ya haɗiye kyamara cif. Fitila ta samu nata gefen. 'Yan siraran aljihunan asake suka karɓi batura. Ba zip, murfin fata ne kawai ka ɗaga ka sauke, rairayi bai da ta inda zai shiga. Ban yanke komai ba, ban ƙara komai ba. Kuma duk lokacin da na buɗe ta sai in ji ƙamshin sabulun Baba.

Abokina da ya gan ta ya ce, "Ka shaida ma yayanka?"

Na ce Inna ce ta ba ni.

"To madalla. In wani ya tare ka ya ce ka yi mai ƙaho, sai ka haska mai hitila ga ƙeya."

Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. A kasuwar dabbobi ta Baleyara wani dattijon Bafillace ya ja ni gindin bishiya, ya zauna, ya kwance rawaninsa, ya miƙo mini kai. Da ƙyar na fahimtar da shi, muka rabu muna dariya, har ya tsaya na yi masa hoto da sandarsa. A lokacin abin dariya ne kawai a wurina.

Sai aka kira ni suna a Damana, gidan wani mai sayar da hatsi. Gidan na cikin gidajen da Baba ke yi wa aiki tun da, yayana ya gada. Ga wanda bai sani ba, kowane wanzami yana da gidajensa, shi ke yi musu aski da ƙaho da askin jarirai, shi ke da rabo a naman suna. Wani wanzami ba ya shiga irin wannan gida ranar aiki da zabira a kafaɗa. Yakan sauke ta tun daga ƙofa, ko ya ajiye ta gaban wanzamin gidan ya gaishe shi. Wanda ya shigo da ita a rataye, ana ɗauka ya zo gwada mai aikin ne, ya ɗaure masa aska da asiri don ya kunyata. Na san wannan tun ina yaro. Amma doka ce ta wanzamai, ni kuwa duk Filinge an san jini ke kayar da ni. A raina, jakar kyamara na rataya.

Da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, kakar jaririn ta fito da shi tsakar gida. Yayana ya tsuguna, ya jiƙa kan yaron, ya wasa aska. Uban jariri ya yafito ni, yana son hoton askin farko. Na matso da sallama, na ɗaga murfin zabira. Yayana ya ɗago kai don ya amsa sallamata, sai idonsa ya sauka a kan kafaɗata. Ya daɗe yana kallon zabirar.

Ya sa aska, ta zame a kan gashi ba ta ci ba. Ya sake, haka. Ya canza wata. Ya sake kai hannu. Sai jaririn ya tsala ihu, ɗan jini ya tsattsafo a bayan kunnensa. Ba wani rauni ba ne, ƙarzuwa ce da ta warke kafin a gama cin naman suna. Amma kakar ta fizge jikanta tana salati, wani daga cikin maza ya ce, "An ɗaure mai aska!" Duk tsakar gidan suka juyo suna kallona. Ko maɓallin kyamara ban taɓa ba.

Yayana ya miƙe a hankali.

"Da zabirar Baba ka zo ka gwada ni? Cikin gidan da Baba ya bar mini?"

"Yaya, kyamara ce a ciki. Ga ta, duba. Batura ne waɗannan."

"Rufe. Abin da Baba ya ɗinke cikin hwatar nan ba da ido aka ganinai ba."

"Yaya, ni da ko ƙaho ban iya riƙewa?"

"Shi ya sa ka zo da abin da ba ya bukatar hannu."

Mai gida ya shiga tsakani yana ba da haƙuri, sannan ya aika aka kira wani wanzami daga bakin kasuwa ya ƙarasa askin. Yayana yana tsaye aka aske jaririn gidansa da askar wani. Ya tattara kayansa ya fita, ko rabonsa na nama bai ɗauka ba. Ni ma na fita ta ɗaya ƙofar, ban yi hoto ko ɗaya ba.

Har yau abin da na yarda da shi ke nan: ba asiri, ba komai. Mutum ne ya ga jakar ubansa da ya rasu a inda bai zata ba, zuciyarsa ta motsa, hannunsa ya bi ta. Amma wa zai saurari wannan, alhali ɗaya labarin ya fi daɗi a bakin rijiya?

Washegari na juye kayana a cikin ƙwarya, na ɗauki zabirar wayam na kai wa yayana har gida, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya shiga da ita ɗaki, ya bar ni durƙushe a waje. Na koma wurin mahaifiyata na roƙe ta ta gaya masa cewa ita ta ba ni. Ta yi kuka, amma shi ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama da shi sun yi doguwar magana ba, kunyar ɗan fari ba ta bari. Sai ta aika kawunmu. Kawu ya je ya dawo, ya zaunar da ni ya ce, "Uwarku mace ce, ba ta san zabira ba. Kai ɗan wanzami ne. Ka yi haƙuri, shi babba ne."

Na yi haƙuri. Gidan mai hatsi ya bar yayana, wasu gidajen suka bi. Ni ma wanzaman yankin suka ce ba za su taɓa kan jariri ba in ina tsakar gida, don haka aikin suna ya yanke mini. Wannan bai dame ni sosai ba, kasuwa na nan, ɗaurin aure na nan. Na ci gaba da zuwa gaishe da yayana kowace Juma'a. Wata rana ya amsa da ka, wata rana a ce yana barci alhali ina jin tarinsa. Ina cewa a raina, jini ɗaya muke, zai huce.

Ana nan matata ta haihu, namiji. Na ce to, ga abin da zai gyara. Na tafi da goro na sami yayana a rumfarsa yana wasa aska.

"Yaya, an yi maka ɗa."

"Allah shi raya."

"Ranar suna muna jiranka da aska."

Bai ɗago ba. Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa, sannan ya ce, "Kai ma ai wanzami ne. Duk Damana ta shaida. Ka yi mai da kanka."

Na yi tsammanin faɗa ce kawai ta baki. Ranar suna na shimfiɗa masa tabarma a inda Baba ke zama. Aka raɗa suna, aka yanka rago, rana ta ɗaga, tabarma na nan ba kowa. Mutane suka fara kallon juna. Daga ƙarshe abokina ya tashi, ya hau babur ɗina ya tafi Bonkuku, ya ɗauko wani wanzami da ban taɓa gani ba. Tunda aka kafa gidanmu askar waje ba ta taɓa hawa kan ɗan gidan ba sai a kan ɗana. Mahaifiyata ta rufe ƙofar ɗakinta ba ta fito ba har aka watse. Baƙon ya yi aikinsa da kyau, ya karɓi rabon naman da ya kamata ya shiga gidan yayana, ya yi godiya ya tafi.

Daga baya na je wurin baduku na ce ya ɗinka mini jaka. Ya tambaye ni wane irin ado. Na ce ba ado, ba tuntu, ba jan fata, ka yi ta baƙa mai kusurwa huɗu yadda ko makaho ya shafa ba zai ce ta wani mai sana'a ba ce. Ta yi mini aiki har na daina yawon kasuwa. Ba ta taɓa zama daidai a hammatata ba.

Mun shirya da yayana a zaman makokin mahaifiyarmu. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ya dai miƙo mini hannu a gaban mutane na karɓa. Yanzu muna gaisawa, muna cin abincin salla a kwano ɗaya. Maganar ba ta sake tashi ba.

Na daɗe ina ba da labarin nan da baki, kuma duk wanda ya ji sai ya yaba haƙurina. Yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami a ajin koyon karatu na manya, na ga gara in rubuta abin da ba na iya faɗa a rumfa. An ce mahaƙurci mawadaci. Wataƙila. Ni dai abin da na gani shi ne, haƙuri yana hana faɗa, amma ba ya wanke ɗaci daga baki. Kuma kaya suna da magana tasu. Kai ka zaɓi jaka don aljihunta, mutane su karanta ta da tarihinta, ba kuwa wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Ɗana ya zama saurayi, a shagon masu inji yake aski kamar sauran tsaransa. Sallar da ta wuce muna zaune gidan yayana, sai ya kama kan yaron ya juya shi, ya duba ƙeyarsa, ya ce, "Wane ne ya ɓata maka kai haka? Kamar ba ka da wanzami a gida." Yaron ya yi dariya, kowa ya yi dariya. Ni na ajiye lomar da ke hannuna, na ce zan je in duba babur.