Kati Mai Fanka Uku, Daga Gadau Zuwa Giade

Tirelarmu ta faɗi da mu a hanyar Jos da lodin gero, shekarun baya. Ni na fito da ƙafafuna, ido ɗaya na rasa. Ƙanena Haladu, wanda yake tuƙi, ya fito da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Tun daga nan yana gida a Gadau.

Kwamfuta ce ta riƙe shi. Wata tsohuwa ce ta ofis, aka haɗa masa ita da sitiyari, totur da birki duk a hannu, yana tuƙa tirela a cikin wasa. Ya ɗauki lodi da safe, ya sauke da la'asar, ya ci abinci kamar wanda ya dawo daga hanya. Da katin hotonta ya mutu, wato abin da ke zana titi a allo, direbobin tashar Azare suka yi karo-karo suka sayo masa sabo daga Kano, babba, mai fanka uku. Wani ɗalibi ya saka masa. Daga ranar, da Haladu ya hau titi ya ba mota wuta sai allo ya yi baƙi, kwamfutar ta mutu. Ya gwada, ya sake gwadawa. Ya ce min, "Yaya, ko a nan ma mutuwa take yi a hannuna." Ya juya fuskarsa ga bango. Tuwo ya riƙa komawa yadda aka kawo shi.

Na ce jabu aka sayar musu. Na yi niyyar kai shi a duba.

Gadau zuwa Azare

Na fito bayan sallar asuba, gari bai waye ba. Damina ce, don haka na naɗe kwamfutar a leda, na ƙara da bargo. Katin kuwa na ciro shi na sa a kwalinsa, don ban yarda da nauyinsa a kan hanya ba. Motar farko ƙarama ce, mu huɗu a baya. Direba ya ce in sa kayan a but tare da buhunan wake.

Na ce, "A cinyata zai zauna."

Ya ce, "Jariri ne?"

Na ce, "Ya fi jariri kuka idan ya faɗi."

A shingen da ke kusa da shiga gari wani jami'i ya leƙo, ya sa na buɗe kwalin. Ya juya katin, ya taɓa fankokin da yatsa. Ya ce, "Baba, wannan na sanyaya ɗaki ne?" Na ce na ɗumama shi ne. Ya yi dariya, ya ce mu wuce. Mun shiga Azare rana ta ɗan ɗaga. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, ƙafata ɗaya a kan kayan.

Shagon Madam Rifkatu

Mutum uku na tambaya wa ke gyaran irin wannan, duk suna ɗaya suka faɗa: Madam Rifkatu, 'yar Bogoro, shagonta na bayan masu sayar da waya. Mace ce gajera, ba ta kai arba'in ba, da tabarau a goshi. Na ajiye kwalin a gabanta na ce jabu ne, ta tabbatar min in je in mayar.

Ta ce, "Baba, zauna tukuna. Wa ya ciro shi daga ciki?"

Na ce ni.

Ta ce, "Ka kyauta. Da ka bar shi a ciki, da ramin hanya ya karya mazauninsa."

Ba ta taɓa komai ba sai da ta gama tambaya. Yaushe take mutuwa, da an kunna ko sai an fara wasa? Hoton yana yin zane-zane kafin ya ɗauke? Akwai ƙauri? Da wace wuta muke amfani? Na ce sola, batir biyu da ƙaramar inbata, na kuma ba ta labarin Haladu. Ta gyaɗa kai.

Ta saka katin a tata kwamfutar, babba, ta kunna wani wasa mai nauyi, ta bar shi yana gudu. Ta nuna min lambar zafi a gefen allo. Ya hau kaɗan ya tsaya. Hoto garau, har ciyawar bakin titi ana gani. Sannan ta ɗauko wani ƙaramin kati nata na gwaji ta saka a ta Haladu, ta kunna wasan tirelar. Mota ta yi ta tafiya, ba ta mutu ba. Na yi shekaru a ƙarƙashin mota, na san mai neman ciwo da mai canke. Wannan matar abu ɗaya take sauyawa a lokaci guda, ta tsaya ta ga abin da ya faru.

Ta ce, "Katinka lafiyarsa ƙalau. Na gaske ne, mai kyau ma." Ta buɗe gefen kwamfutar ta nuna min wani akwatin ƙarfe a kusurwa. "Wannan ke raba wuta. An yi shi don aikin ofis. Katin nan idan ya fara aiki yana jan fiye da abin da akwatin zai iya bayarwa, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Dubi wayar da aka yi wa haɗe-haɗe don ta kai. Allah ne ya tsare."

Na ce to a sauya akwatin.

Ta ce, "Zan iya, in ci kuɗinka. Amma ƙwaƙwalwar kwamfutar tsohuwa ce, rabin ƙarfin katin zai zauna banza. Batirinku biyu kuma, kafin ƙaninka ya sauke lodi ɗaya sun kwanta. Wanda ya dace da shi ƙarami ne, mai fanka ɗaya, wanda ba ya neman wata waya ta daban. Wasan tirela ba ya son fiye da haka a allo irin nasa."

Da ta ce min katin ya mutu, da na bar mata shi na tafi, ban san komai ba. Ita ma ta san haka. Sai ta ce akwai wani a Giade, Malam Buba, mai haɗa bidiyon biki. Kwamfutarsa babba ce, katinsa ƙarami, ya daɗe yana neman babba. A yi musaya, ya yi ciko.

Na ce, "Ba nawa ba ne. Kyauta ce."

Ta ce, "To je ka tambayi masu kyautar. Gobe da safe ina da aiki a Giade, sai mu tafi tare."

A tasha

Bayan azahar na sami direbobi a rumfarsu, suna cin shinkafa da wake. Ciyaman ɗinsu, Alhaji Manu, shi ya koya wa Haladu tuƙi. Na faɗi abin da ke tafe da ni, ban yi kwana ba. Cokula suka tsaya.

Alhaji Manu ya ce, "Ado, mu muka ce a kawo wanda ya fi kowanne girma a shagon. Yanzu a ji a gari an kai kyautarmu Giade an karɓo ɗan mitsitsi?"

Wani daga baya ya ce, "Matar nan so take ta yi muku wayo. Fanka uku a ba ka ɗaya?"

Na ce, "Kai da ke magana, ɗauki injin tirela ka ɗora a Keke Napep ɗin ƙaninka. Ka zo ka ba ni labari."

Aka yi dariya, ban da Alhaji Manu. Ya ciro waya ya kira Haladu. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, haka.

Ya ce, "Barci yake?"

Na ce, "Idonsa biyu. Bango yake kallo. Rabonsa da abincin kirki tun ranar da aka saka katin nan."

Alhaji Manu ya ture kwanonsa gefe. Sannan ya ce, "Mu motar muka so ta tashi. Je ka musanya. Amma cikon kada ka karɓi kuɗi, kuɗi narkewa suke. Ka karɓo abin da za a gani a ɗakinsa a ce daga tasha ya fito."

Na kwana a ɗakin direbobi, kwalin a ƙarƙashin kaina. Sauro ya yi aikinsa.

Giade

Mun tashi da hantsi a motar kasuwa, ni da Madam Rifkatu, kwamfutar a cinyata, kwalin a tata. Gero ya kai kafaɗa dama da hagu. Ruwa ya tare mu a hanya, direba ba shi da abin share gilashi sai tsumma, yana tuƙi yana miƙa hannu waje. Ta ce masa, "Oga, idan ka gaji ka ba ni tsumman, ni ma ina da yara a gida."

Malam Buba Bafulatani ne, dogo, mai fara'a. Ya tarbe mu da fura da nono mai sanyi. Da ya ga katin sai da ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa. Ya ciro nasa, ɗan guntu, bai kai tafin hannuna da yatsu ba. Raina bai so shi ba.

Madam Rifkatu ba ta yarda da ido kawai ba. Ta duba kusoshin bayansa ko an taɓa kwance shi. Ta duba haƙoran da ke shiga mazauni. Ta sunsuna. Sannan ta miƙo min ta ce, "Baba, kai ne mai kunnen inji. Juya fankar ka saurara." Na juya. Ba gurnani, ba karkarwa. Na ce boris ɗinta, wato ƙarfen da take juyawa a kai, da sauran rai. Ta saka shi a ta Haladu, ta cire tsofaffin umarnin wancan katin ta sa na wannan, ta kunna wasan. Ta ɗora lodi mafi nauyi, ta sa ruwan sama a cikin wasan, ta hau tudu. Muka yi sallar azahar ni da Malam Buba muka dawo, mota na tafiya.

Aka zo maganar ciko. Malam Buba ya ce zai ba da lasifika biyu. Ta dube shi ta saman tabarau.

Ta ce, "Malam Buba, ni na haɗa maka kwamfutar nan. Na san abin da katin nan zai yi maka, kai ma ka sani. Wancan sabon batirin da ke bayan ƙofa, da akwatin wutar da ka ajiye."

Ya ce, "Madam, ke tawa ce ko tasa?"

Ta ce, "Ta katin ce."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya tashi da kansa ya jawo batirin. Ta zauna ta sauya akwatin wutar a wurin, ta ɗaure wayoyi tsaf, ta hure ƙurar ciki. Ta ce in ɗaga kwamfutar daga ƙasa in ɗora a benci, kada a rufe ta da zane tana aiki. Na tambayi kuɗin aikinta. Ta faɗa, na biya, ban nemi ragi ba. A Azare muka rabu, ta ce in gaida direban, wato Haladu.

Gida

Na isa Gadau bayan la'asar, batir a but, kwamfuta a cinya. Haladu yana yadda na bar shi. Na haɗa komai, na kunna. Na ce ga mota. Bai juyo ba.

Ya ce, "Kashe ta, Yaya. Ba zan sake gani ba."

Ban kashe ba. Ni karen mota ne da gyara, ban taɓa iya tuƙin kirki ba, kowa ya sani. Na jawo kujera na kama sitiyarin. Na fita daga gareji na kwashe ƙofar. Na hau titi a giya ɗaya, inji yana ihu. Na bar shi yana ihun.

Daga gado aka ce, "Sauya giya."

Na yi kamar ban ji ba. Na shiga kwana, bayan tirelar ya tafi da wata alamar hanya.

"Ka buɗe kwanar mana. Doguwar mota ce, ba amalanke ba."

Na ce, "Haka na iya."

Ya ce, "Ɗaga ni."

Na ɗaga shi na zaunar a kujerarsa. Ya kai hannu ga totur. Ya ba motar wuta kaɗan, ya jira. Ya ƙara. Ga tudu a gaba, ya hau da lodi, yana kallon allon kamar mai jiran mari. Mota ta kai sama ta gangara. Ya gyara zama. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai sauran tuwo?"

Godiyata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Sai Alhaji Manu da mutanen rumfa, da Malam Buba, da Madam Rifkatu, wadda ban ga mai aiki da gaskiya irinta ba a duk yawon da na yi.

Yanzu ina Gadau, ina facin taya a bakin titi, tsallaken gidanmu. Haladu yana hanya tun safe.