Maigidana Ya Je Zamiya a Kan Ƙanƙara

Shekararmu tara a Riyad, a unguwar Al-Shifa, sai maigidana ya gano cewa shi ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara ne. Mutumin da in ya hau bene hawa biyu sai ya nemi kujera.

Wani Bature ne da suke aikin gini tare a Dir'iyya ya gayyace shi ƙasarsu a hutun ƙaramar salla, cikin watan Afrilu. Ya ce masa lokacin sanyi ya wuce, amma can ƙolin duwatsu akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa tun zamanin kakannin kakanni, ana hawa a cikin wani akwati mai tafiya a kan waya.

Maigida ya dawo daga kasuwa da rigar sanyi mai kauri kamar katifa, da safar hannu, da wani tabarau da ya rufe rabin fuska. Kullum bayan la'asar sai ya ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya saka kayan nan, ya tsaya tsakiyar falo yana lanƙwasa gwiwa. Mu da yara muna ƙudundune cikin bargo muna kallon gwani.

Ranar tafiya na miƙa masa man kare fata da Baturen ya ce a taho da shi.

"Baban yara, ga man nan."

"Haba Hajiya! Ni da ranar Riyad ta gasa shekara tara, ranar Turawa ce za ta taɓa ni? Ajiye abinki."

Na ajiye. Ai babba ba ya kuskure.

Bayan kwana biyar ya turo ƙofa. Fuskar nan ta ƙone tana saɓulewa kamar bawon dankali, in ban da inda tabarau ya rufe, nan kam fes. Autarmu, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta leƙo ta bayana ta ce, "Mama, min haza?" Wai wane ne wannan.

"Sannu da zuwa, gwani. Yaya ƙanƙara?"

"Lafiya lau," ya ce, leɓe a tsattsage.

Sai a wurin matar Baturen na ji sauran labarin. Ranar farko iskar shaƙa a ƙolin dutsen ta yi masa kaɗan, ya wuni kwance da ciwon kai. Rana ta biyu aka saka shi ajin masu koyo, shi kaɗai mai gemu a cikin 'yan shekara shida. Kafin azahar ƙanƙarar ta yi laushi kamar kunun da aka tsinka, ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, har malamar ta daina zuwa ɗaga shi. Sauran kwanakin a barandar gidan shayi ya yi su, yana fuskantar rana, wai yana nazarin yadda ake yi.

Mako guda bai je aiki ba. Ina shafa masa man kaɗanya wata safiya, na tambaye shi ko ya yi nadama.

Ya ce, "Hajiya, na yi sallar asuba a can sama. Ba mota, ba hon, ba muryar kowa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har hawaye na yi."

Na ƙara lakato man kaɗanya. Na ce ya juyo da ɗaya kuncin.