Kalmar da Ba Wanda Ya Ji da Kunnensa

Shekarun da na yi ina tuƙi a wata masana'antar bututu a Birnin Masana'antu na Biyu, can ƙasar Larabawa, wani injiniya Bajamushe nake ɗauka. Dattijo ne mara yawan magana, kowa muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci.

Wata rana da hantsi muna zagaya wurin walda, sai wani mai walda ɗan Afganistan ya ajiye waya ya hau tsalle yana cewa, "Dukhtar! Dukhtar!" Matarsa ce ta haihu a gida, an samu mace.

Muhandis ya tsaya cak. Ya ce a tambaye shi, 'ya yake nufi? Aka ce e. Ya ce su a Jamus "tokhta" suke cewa. A mota ya kasa yin shiru. Ashe kafin ya koma injiniyanci tsofaffin harsuna ya fara karanta. Ya ce kakannin Jamusawa da na Ingilishi "duhter" suke faɗa, amma ba wanda ya taɓa rubuta ta, masana ne suka jera kalmomin harsunan da uwar harshen nan ta haifa suka gano ta uwar. Ita ma uwar, da harshen mai walda, tushensu ɗaya.

Na ce, "Muhandis, ban yarda ba. Aro ne kawai, yadda muka ari kalmar littafi a wurin Larabawa."

Ya ce wannan ba aro ba ne, domin sautin da ƙa'ida yake sauyawa: inda mai walda ya ce "p" a farkon kalma, su "f" suke cewa. Ya ce in je in gwada.

Na kuwa gwada, ranar da mai waldan ya kawo mana shinkafa da rago na murnar haihuwa. Na tambaye shi uba, ya ce "padar". Biyar fa? "Panj". Muhandis yana tauna nama ya ce su a tsohon harshen kakanninsu "fader" da "fimf". Na sallama.

Da yamma na koma ɗakinmu a unguwar Gubaira na tarar da abokin kwanana, mutumin Fika, yana wanki. Na ce, "Malam, yaya kuke cewa huɗu da Bolanci?"

Ya ce, "Poɗɗo. Lafiya?"

Ni kuwa kakata "fuɗu" take cewa har ta rasu. Ga "p" a wurinsu, ga "f" a wurinmu. Na jawo bokiti na kife na zauna, na ce ya ci gaba da ƙirga, a hankali.